Randar Waliyyi da Tumbin Ushangi

Duk wanda ya san Ushangi a shekarun baya zai gaya maka mutum ne dogo siriri, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Da wannan jikin ya ci abinci tun yana saurayi. Sana'arsu ta gado wankin randa ce, irin manyan randunan nan namu da ake binnewa a ƙasa har wuya, a zuba musu ruwan inabi ya kwanta ya zama giya. Kafin a fara tsinkar inabi dole a wanke kowace randa tas, kuma ba daga sama ake wanke ta ba. Mutum ne zai tuɓe, ya zura ƙafafu ta bakinta, ya ɗaga hannuwa ya sulale ciki, ya yini yana dirzar bangonta da ɓawon itace da ruwan toka, har sai ruwan ɗauraya ya fito garau, mai gida ya iya kurɓarsa. Uban Ushangi ya yi, kakansa ya yi, shi ma ya tsufa yana yi. Kowace kaka yakan bi ƙauyukan gefen kogin Alazani, ya fara daga na kwari inda inabi ke riga nuna, ya ƙare a garinmu Zemohebi da ke jingine da dutse.

Hali kuwa sai dai a yi haƙuri da shi. Ba ya doguwar gaisuwa, ba ya yabon giyar kowa, in kuwa ya leƙa randarka ya shinshina ya ja tsaki, ranar ko abinci ba za ka ji daɗinsa ba. An kai shi soja zamanin Rasha, ya dawo yadda ya tafi, ko kumatu bai ƙara ba. Da ya je neman auren Tsiyala, uwarta ta dube shi sama da ƙasa ta ce wannan ai ba zai ga ƙarshen hunturu ba. Ga shi sun aurar da 'ya'ya mata biyu a Tibilisi, tsohuwar ta daɗe a ƙasa, shi yana nan da tsakinsa.

A duk randunan da ya shiga a duniya, ɗaya ce tasa. Bayan tsohon cocinmu, wanda ciyawa ta tsiro masa a ka, akwai wani ɗan fili da aka kewaye da guntuwar katanga, a nan randar waliyyi take. Ba wanda ya san wanda ya gina ta. Tsofaffi sun ce ta girmi hasumiyar da kakanninmu ke ɓuya a ciki in mahara suka gangaro daga bayan dutse. Kowace shekara kowane gida zai kawo guga guda na ruwan inabinsa na fari a zuba mata, a liƙe bakin da laka, ba za a buɗe ba sai ranar bikin waliyyi. Bakinta ya fi na kowace randa ƙunci, kuma tun da aka san gari gidan su Ushangi ne ke wanke ta. Da wannan kaɗai yake tinƙaho, don gonarsa ba ta kai a kira ta gona ba, giyarsa kuwa mu da muka sha mun san ba ta da wani labari.

To, hunturun bara ya hau rufin gida zai share ƙanƙara, santsi ya kwashe shi, ƙafa ta karye a cinya. Ya kwanta har itatuwa suka yi fure. Ita kuwa Tsiyala ba ta san wata jinya ba sai ta tukunya. Da safe romon ƙafar sa da tafarnuwa don ƙashi ya haɗe, da rana burodi mai cuku yana tsiyayar mai, da yamma kaza. Ranar da ya miƙe da sanda, wando ya ƙi ɗauruwa. Ushangi ya yi tumbi. A jikin wani ba za a ma lura da shi ba, amma a jikinsa sai ka ce kankana ya haɗiye.

Da bazara Shalba, dattijon da ke riƙe da mabuɗin coci, ya zo gaisuwa.

"Batono Ushangi, jiki ya yi kyau," in ji shi, yana sa masa batono na girmamawa irin namu, amma idonsa ba a fuskar Ushangi yake ba. "Na ce, in abin zai yi maka wuya bana, akwai wasu samari a Telabi masu injin feshin ruwa. Daga sama suke yi, ba sai an shiga ba."

"Injin feshi," in ji Ushangi. "A randar waliyyi. Mota ce?"

"Shawara ce kawai."

"Ka mayar musu da shawararsu. Ni zan shiga, kamar kullum."

Shalba na fita Ushangi ya ɗingisa zuwa bayan coci, ya yanki ɗanyen reshen inabi, ya gwada shi a bakin randar, ya murɗa shi ya yi zobe daidai faɗinta. Da ya koma gida ya ɗaga hannuwa ya zura zoben ta ka. Ya wuce kafaɗu, ya wuce ƙirji, ya zo kan tumbi ya yi zamansa. Daga ranar Ushangi ya shiga horon yunwa, kokwamba da ruwa, kokwamba da ruwa, har magana ma ta zama abin faɗa a gidan. Kafin inabi ya fara ja, zoben yakan wuce in ya riƙe numfashi kuma Tsiyala ta danna masa da hannu biyu. Saura ƙiris. Ya yi lissafin aikin zagaye zai narkar da sauran, tun da randunan ƙauyukan kwari masu faɗin baki ne, kuma a cikinsu gumi ake yi ba na wasa ba.

Ƙafa ba ta yarda da tuƙi ba, sai aka ɗauko Bondo ƙanin Tsiyala da tsohuwar motarsa. Bondo ƙato ne mai yawan dariya, kuma bai iya riƙe sitiyari ba sai da burodi a ɗayan hannun. Tsiyala ta ce ita ma za ta je ta tsare wa mijinta baki. Ita da ta jawo abin, wai ita ce mai gadi.

Da ƙauyen Shilda suka fara. Hanyar gidan Murman, mai gidan da za a yi wa aiki, ta bi ta wata tsohuwar ƙofar dutse da aka gina don jaki da kayansa, bayanta kuma lungu ne mai katangu hagu da dama. Bondo ya naɗe madubai, ya shiga a hankali, motar na gogar bango tana kuka.

"Ka gani, suruki," in ji Bondo, "ita ma sai da ta riƙe numfashi."

"Ka yi tuƙinka."

Ushangi ya yini a ƙarƙashin ƙasa, ya fito jiri na ɗibarsa, sai ga teburi an shimfiɗa a inuwar inabi: gasasshen nama, wake a tukunyar ƙasa, cuku, burodi mai zafi, tulun giya a kowane gefe. Ya ce shi ruwa kawai zai sha. Murman ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Aka sha don zaman lafiya, Ushangi ya ɗaga kofin ruwa. Aka sha don baƙi, ya ɗaga kofin ruwa, fuskar Murman ta fara sauyawa. Sai mai gidan ya miƙe tsaye, ya sa aka kawo ƙahon shan giya, ya cika shi har baki.

"Wannan na waɗanda suka riga mu ne," in ji Murman. "Na mahaifinka Datiko, wanda yana cikin randar nan aka leƙa aka gaya masa an haife ni. Allah ya haskaka masa makwanci."

Ya miƙa wa Ushangi. To kai ma ka sani, a ƙasarmu ba namijin da za a kira sunan ubansa da ya mutu ya ɗaga kofin ruwa. Kuma ƙaho ba shi da gindi, ba a ajiye shi sai an ga ƙarshensa. Ushangi ya shanye. Giya ta sauka a cikin da ya daɗe bai ga komai ba sai kokwamba, ƙasa ta fara juyawa.

"Kai mutumin nan, ka sa wani abu a cikinka mana, faɗuwa za ka yi," in ji Tsiyala, mai gadi, tana tura masa farantin nama.

Da safe ya zagaya bayan mota ya gwada zoben. Ko da danna bai motsa ba.

"Ke kika ba ni naman nan da hannunki," in ji shi da suka hau hanya.

"Da sai in bar ka ka kife a kan teburin mutane?"

"Da kin bar ni na kife. Wanda ya kife ai ba ya ci."

"Yaya, ki rabu da shi," in ji Bondo da baki cike. "Yunwa ce ke magana."

A Eniseli Ushangi ya sake dabara. Tun daga bakin ƙofa ya ce likita ya hana shi ci da sha, ciwo gare shi. Kai, da ma bai faɗa ba. Matar gidan ta dafe ƙirji, ta aika maƙwabta, kafin ya fito daga randa an yanka kaza an yi romo, an dama kunun masara da man shanu, wata tsohuwa ta zo da zuma da ta ce tana tayar da na kwance. Mata uku suka tsaya a kansa sai da ya share kwano. Ya ce ya ƙoshi, suka ce ai haka marasa lafiya ke faɗa.

Haka aka yi ta tafiya. Hanya na hawa tana sauka tsakanin gonakin inabi, kowane tudu da tsohuwar ganuwa ko coci a kansa, kowane ƙauye da lungunsa da ke ƙwace wa motar Bondo fenti. Ushangi bai ɗaga kai ya dubi ko ɗaya ba. Abin da yake gani kawai hayaƙin gashi da ke tashi daga gidan da za su sauka, in ya hango shi tun daga nesa sai gabansa ya faɗi. Da rana ya zubar da gumi a randa, da yamma a mayar masa ninki biyu. Mutanen da suka ƙaunace shi shekara da shekaru su ne suke kashe shi da cokali, kuma ba wanda zai iya zaga a cikinsu. Sai ya koma kan Bondo, wai ƙamshin burodinsa ne ke sa masa ƙiba.

Ƙauyen Sabuwe ne ya ƙarasa shi. Nan ne gidan Guram, abokinsa tun na soja, wanda ya rasu kakar bara. Matarsa Makwala ta tare su a ƙofa cikin baƙaƙen kaya.

"Ushangi, na ɗaga abincin cikar shekararsa don ya zo daidai da zuwanka," in ji ta. "Na yi shinkafa da naman rago irin wadda kuke faɗa a kanta kai da shi. Kujerarsa na ajiye maka."

Me zai ce? Ya zauna a kujerar Guram, Makwala na zuba masa yana ci, tana ƙarawa yana ci, hawaye na sauka a cikin faranti. Mutane suka riƙa taɓa juna suna cewa dubi yadda yake son marigayi. Gaskiya wani hawayen na Guram ne, amma mafi yawansa baƙin ciki ne tsagwaronsa.

Washegari a kan gadar da ke kai wa garinmu ya sa Bondo ya tsaya. Ya fita ya gwada zoben, wannan karon ko ƙasan haƙarƙari bai kai ba. Ya cire shi, ya juya shi a hannu, ya ƙare masa kallo.

"Reshen nan ɗanye na yanke shi," in ji shi. "Ya bushe ya tsuke. Ƙarya yake yi mini tun tuni."

Ya wurga shi a ruwa. Bondo ya buɗe baki, Tsiyala ta zungure shi, ya rufe.

Ranar wankin randar waliyyi mazan gari suka taru a cikin katanga tun hantsi, mata kuwa suna waje suna leƙe, don ba sa shiga wurin. Shalba ya ɗaga faifan dutsen da ke bakin randar, ya sake duban tumbin nan, ya ce har yanzu ana iya kiran samarin Telabi. Ushangi ko kallonsa bai yi ba. Ya tuɓe, ya shafe ciki da kwatangwalo da man girki, ya zura ƙafafu, ya ɗaga hannuwa, ya fitar da duk iskar da ke ƙirjinsa.

"Bondo, danna."

Bondo ya ɗora masa tafin hannu a kafaɗu ya saki nauyinsa. Sai aka ji fut, Ushangi ya ɓace. Mutane suka yi shewa.

A ciki kuwa, wayyo, Ushangi ya ji daɗin da bai ji ba tun kafin ya faɗo daga rufi. Ga sanyi, ga duhu, ga warin nan na tsohuwar laka da ya sani tun yana saurayi. Hannunsa ya san kowane tudu da kwari na bangonta. Ya dirje ta daga gindi har wuya, ya ɗauraye, ya sake dirzawa, ana zuro masa guga yana cikawa ana ja, ƙishi na kama shi yana kwankwaɗar ruwa. Da rana ta karkata ya aiko da gugan ƙarshe. Shalba ya kurɓa, ya gyaɗa kai ya ce ko zamanin Datiko ba ta fi haka ba. Ushangi ya ji daga ƙasa, ya yi murmushi shi kaɗai.

Aka zura masa tsani. Hannuwa suka fito, kai ya fito, ƙirji ya fito da ƙyar, daga nan tafiya ta tsaya. Man da ya shafa ruwan toka ya wanke shi, cikin da ya goge wajen shiga ya kumbura, ga ruwan da ya yi ta sha. Bondo ya kama hannu ɗaya, wani ya kama ɗayan, suka ja, suka ƙara cusa shi. Aka ce ya koma ƙasa, komawar ma ta ƙi. Bakin randar ya kama shi daidai ƙasan haƙarƙari ya riƙe gam.

Da farko dariya aka yi. Aka kawo mai aka tsiyaya, bai sami hanyar shiga ba. Wani ya ce a kawo sabulu, wani ya ce a bar shi ya huta cikin zai saki. Sai aka lura Ushangi ya daina zagin kowa. Numfashinsa ya koma guntu-guntu, tsanin ma ya zame daga ƙafarsa, leɓunansa suka fara baƙi.

"A fasa bakin," in ji Bondo.

"Wa zai fasa?" in ji Shalba. "Ta waliyyi ce. Kai za ka ɗaga mata hannu?"

Maza kusan talatin suka tsaya cirko-cirko, wannan ya dubi wancan, kowa yana da 'ya'ya da gona, ba mai son ɗaukar wannan alhaki ya kai gida. Wani ya ce a kira fadan coci a waya a tambaye shi, aka kira bai ɗauka ba.

"Kada wanda ya taɓa ta," in ji Ushangi, da ƙyar ake jin sa. "Wanda ya taɓa ta ban yafe ba."

Ba wanda ya ga lokacin da Tsiyala ta je mota. Sai dai aka gan ta ta tattare siket ta haye katangar da ba macen da ta taɓa ƙetarewa, ƙarfen kwance taya a hannunta. Shalba ya sha gabanta, ta ture shi gefe. Ta durƙusa dab da mijinta. Ya dube ta yana girgiza kai.

"Tsiyala, kar ki yi."

"Kau da fuskarka," in ji ta.

Bugun farko ya ɓantare leɓen randar. A na biyu aka ji wata ƙara ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, doguwa, har a tafin ƙafa mutane suka ji ta. Aka zaro Ushangi aka shimfiɗe a ciyawa, yana jan iska yana tari.

Da ya dawo hayyacinsa bai nemi ruwa ba. Ya rarrafa ya leƙa. Tsagar ta tashi daga baki ta bi kafaɗar randar ta gangara har inda ido ba ya kaiwa. Shi ya fi kowa sanin irin wannan ba ta ɗinkuwa. Ta tsira daga mahara, ta tsira daga girgizar ƙasa da gwamnatin da ta rufe coci, sai ga shi tumbinsa ya ci ta, kuma ranar da ta fi kowace rana tsabta.

"Da kin bar ni," in ji shi. "Zuwa yamma cikin zai saki."

"Zuwa yamma da a cikinta za a binne ka," in ji Tsiyala. Ta yar da ƙarfen. "Ni na dafa, ni na fasa. Ka yi ta fushi da ni, amma da ranka."

Can Shalba ya gyara murya ya ce gobe ake fara tsinka, ruwan inabin waliyyi kuma ba ya jira, ina za a zuba shi? Wani daga baya ya ce yana da durom ɗin roba shuɗi a gida, babba, sau ɗaya aka taɓa sa masa wani abu.

Da safe aka gangaro da durom ɗin aka tsayar da shi kusa da ramin. Shalba da kansa ya je gidan Ushangi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula a hannu.

"Batono Ushangi, shi ma sai an wanke shi," in ji shi. "Kuma gidanku ne ke wankewa."

Ushangi ya ɗauki sandarsa ya bi shi. Ya kwantar da durom ɗin a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya zura hannu ya shafe cikin. Guga ɗaya na ruwa ya ishe shi.